Zauren masu jinyar labari a intanet: yadda ake kafa shi da yadda ake zama a cikinsa

Mu bakwai ne muka fara zauren: ma'aikatan jinya biyu daga sashen masu taɓin hankali, malamar ba da shawara ɗaya daga wata makarantar 'yan mata, ma'aikatan jin daɗin jama'a uku, sai ni. Kowa daga garinsa, kowa da wayarsa. Ba mu yi rabin awa ba hali ya koma wa mai shi. Wata 'yar'uwa ta kawo batun wata mata da ta fara jin muryoyi bayan haihuwarta ta uku, kafin ta dire magana mutum huɗu sun cika ta da shawara, biyu kuma sun kaure da musu kan sunan cutar. Ita matar babu wanda ya tambayi abin da take so, ko abin da ta riga ta gwada, ko wanda yake tsaye mata a gida. Muka yi sallama kowa na cewa zama ya yi albarka. Sai da na kwanta abin ya dawo mini: mun taru ne don mu koyi aikin da ya hana a mayar da mutum fayil, ga shi tun daren farko mun mayar da baiwar Allah fayil.

Tsarin da ke ƙasa shi ne wanda muka koma kansa bayan wannan tuntuɓe. Na rubuta shi don ma'aikacin jinya, ko mai ba da shawara, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji da yake son koyon wannan hanya ta jinyar labari amma babu mai koya masa a kusa.

Kafin komai: me ake koyo?

Jinyar labari, wato hanyar jinya ta hira da ake kira narrative therapy a Turance, sunan da na ga ya fi zama mata daidai a Hausa ke nan, ta taso ne a shekarun 1980 a hannun mutum biyu: Michael White, ma'aikacin jin daɗin jama'a a birnin Adelaide na Ostireliya, da David Epston da ke aiki a Auckland ta Niyu Zilan. Cibiyar Dulwich da aka buɗe a Adelaide a 1983 ita ce gidan wannan aiki har yau. Littafin da su biyun suka fitar a 1990 shi ya kai hanyar ga duniya, White kuma ya fitar da wani a 2007 inda ya zana taswirorin hirar ɗaya bayan ɗaya, shekara guda kafin rasuwarsa a 2008.

Ginshiƙin abin ba shi da wuyar faɗa. Mutum daban, matsala daban. Wanda ciwo ya daɗe a jikinsa yakan wayi gari labari ɗaya kawai ake bayarwa a kansa, har shi ma ya haddace: "mahaukaci", "mai iska", "wadda ba ta iya riƙe gida ba". Aikin mai jinya shi ne ya yi ta tambaya har a tono ranakun da wannan labarin bai iya bayyana su ba, a jera su, su zama labari na biyu da mutum zai iya tsayawa a kai. Tambaya ce jarin, ba nasiha ba. Wannan kuwa shi ne wurin da yake ba mu wuya, mu da muka tashi a cikin al'ummar da babba ke magana ƙarami na sauraro, mai farar riga kuma shi ne babba ko da jikan mara lafiyar ne.

Mataki na ɗaya: zaɓen mutane

Kada ku wuce takwas. Zauren mutum arba'in ba a koyon komai a cikinsa sai tura hoton barka da Juma'a. Shida zuwa takwas ne adadin da kowa zai samu yin magana a zama ɗaya, kuma in biyu sun yi fashi ba a fasa ba.

A cikinku lallai a samu mutum ɗaya da ya san asibiti sosai, likita ko ma'aikacin jinyar ƙwaƙwalwa, wanda zai iya cewa "ku dakata, wannan ba na hira ba ne, a kai shi yau". In kuma akwai wanda shi kansa ya taɓa kwanciya da irin wannan lalura ya tashi, kuma yana son shiga, ku karɓe shi hannu bibbiyu. Da zuwansa harshen kowa zai gyaru ba tare da an yi wa'azi ba.

Sai batun girma. Idan akwai likita a zaure, za ku ga kowa ya yi shiru yana jiran "Dakta" ya yanke hukunci. Maganinsa a riƙa karɓa-karɓa da jagorancin zama, kuma a sa doka cewa mai muƙami mafi girma shi ne na ƙarshe a magana. Mu da muka sa wannan dokar, Daktan namu ne ya fi kowa jin daɗinta.

Mataki na biyu: lokaci da kayan aiki

Zaure biyu kuke buƙata, ɗaya na rubutu ɗaya na murya. WhatsApp ya isa don sanarwa da raba abin karatu. Zaman kansa a yi shi ta Zoom ko Google Meet. Ku sani Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Meet kuma a awa ɗaya idan taro ya kai mutum uku, saboda haka ku tanadi hanyar komawa tun kafin a fara. Kiran murya na WhatsApp ma yana ɗaukar har mutum 32, kuma shi ya fi jure raunin sabis. A kunna kyamara minti biyar na gaisuwa, sannan a kashe don data.

Sau biyu a wata, minti 90, rana tsayayya. Mu bayan Isha'i muka zaɓa. In akwai na Gana a cikinku yana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya, na Sudan kuma yana gaba da awa ɗaya. Mai son halartar taron kai-tsaye daga Adelaide ya riƙe lissafin nan: suna gabanmu da awa takwas da rabi, daga Oktoba zuwa farkon Afrilu kuma awa tara da rabi. Yammacinsu safiyarmu ce.

Mataki na uku: amana

Wannan a gama shi a zaman farko, a rubuce, kowa ya ce ya yarda da bakinsa.

Cire suna kaɗai bai isa ba. A garuruwanmu in ka ce "amaryar wani mai shagon atamfa da ta haifi tagwaye da azumi", ka faɗi suna har da lambar gida. A sauya shekaru, a sauya sana'a, a sauya yawan 'ya'ya, a bar abin da hirar ke buƙata kawai. Ba a tura muryar mara lafiya, ba a tura hoton katinsa, ba a ɗaukar hoton allo, ba a naɗar zaman da aka kawo labarin wani. Labarin mutum ba ya shiga zauren rubutu ko kaɗan, domin waya tana faɗawa hannun miji ko ƙane ko mai gyara. Kowa ya sa abin kunne, kuma ya faɗi gaskiya in akwai wani a ɗakin. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ga kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a rufa masa asiri. Amma ko babu doka, tona asirin wanda ya ba ka cikinsa cin amana ne.

Mafi kyau ma a nemi izini. Ga yadda nake faɗa: "Inna, muna da wani zama na abokan aiki da muke taimakon juna. Ina so in ba su labarin yadda muke aiki da ke, ba tare da sunanki ko garinku ba, don su taya ni tunani. Duk abin da suka ce zan kawo miki. In ba ki so, babu komai, ba zai canza komai tsakaninmu ba." Da yawa sukan yarda, wasu har su ce "ki gaya musu kaza".

Doka ta ƙarshe ita ce uwar sauran: a yi magana kamar mai labarin yana zaune yana ji. Duk jimlar da ba za ka iya faɗa a gabansa ba, haɗiye ta.

Mataki na huɗu: karatu, da juya tambayoyi zuwa Hausa

Cibiyar Dulwich tana da darasin gabatarwa na kyauta a shafinta, da bidiyoyi da maƙaloli masu yawa da ba a biyan ko kwabo. Akwai kuma digiri na biyu da take gudanarwa tare da Jami'ar Melbourne ga mai hali. Ku fara da na kyautan, kashi ɗaya a kowane zama. Kada ku nutse a falsafar Michel Foucault, masani ɗan Faransa da White ya sha ambata. Tana da amfaninta, amma na ga zauren da ya mutu a wata na biyu saboda an mayar da shi ajin falsafa.

Abin da ya fi kowane karatu amfani shi ne wannan: duk tambayar da kuka karanta da Turanci, kada ku wuce ta sai kun samo yadda za a yi wa tsohuwa ita a tsakar gida ba tare da ta ce "me kake nufi?" ba. A nan za ku tarar da abin mamaki. Abin da Bature yake wahalar koyo, wato raba mutum da matsalarsa a cikin magana, Hausa ta riga ta yi. Mu ba ma cewa mutum shi ne tsoro. Cewa muke tsoro ya kama shi, baƙin ciki ya rufe ta, ciwon ya tashi, tunani ya yi mata yawa, abin ya sake shi. Matsala a bakinmu baƙuwa ce mai zuwa da tafiya. Aikinku shi ne ku bi wannan hanyar da harshe ya share, ku guji kalmomin da ke manna ciwo a jikin mutum kamar tambari.

Taswirar farko da za ku koya tana da zango huɗu: a sa wa matsalar suna da kalmar mai ita, a bi sawun ɓarnar da take yi, a tambaye shi matsayinsa a kan ɓarnar, sannan a tambaye shi dalilin matsayin. Ga irin yadda take fita a aikace:

"Hajiya, abin nan da ke hana ki barci, da za ki sa masa suna, me za ki kira shi?"

"To, ni dai tunani ne. Kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji."

"Dutsen niƙan nan, da wane lokaci ya fi sauka?"

"Bayan Isha'i, in yara sun kwanta."

"In ya sauka, me yake gaya miki game da kanki?"

"Cewa na zama kaya. Ba ni da sauran amfani a gidan."

"Ya shiga tsakaninki da wa?"

"Ƙanwata. Rabona da gidanta tun Babbar Sallah."

"Wannan da yake yi miki, kin yarda da shi, ko ba ki yarda ba, ko kina tsakiya?"

"Wa zai yarda da wannan, 'yar nan?"

"Me ya sa ba ki yarda ba, Hajiya?"

"Ni fa da ƙuli-ƙuli na riƙe marayu huɗu."

Ku lura da tambayar ƙarshe. Kamar ta rainin hankali ce, shi ya sa sababbi suke tsallake ta. Alhali ita ce ta buɗe ƙofa: marayu huɗu da ƙuli-ƙuli ba sa cikin labarin "na zama kaya". Daga nan sai a bi wannan zaren. Yaushe ke nan? Wa ya gani? Me ya koya miki? Wa zai ce bai yi mamaki ba in ya ji kin ƙi yarda da dutsen nan? Sunan kuma nata ne. In ta ce dutsen niƙa, kada ka gyara mata zuwa "ciwon damuwa" don ya dace da littafi.

Sai dai sauƙin da Hausa ta ba mu yana da tarko, kuma ku ba shi zama guda cur. Mutumin da ya lakaɗa wa matarsa duka zai ce maka "zuciya ce ta ɗebe ni", ko "sharrin Shaiɗan ne". Shi ma ya raba kansa da matsala, amma don ya tsere wa alhaki. Ba wannan ake nufi ba. Masu wannan hanya tun farko sun yi kashedi kan amfani da ita ta yadda mai zalunci zai wanke hannunsa. Ana fitar da matsala waje ne don mutum ya ga inda zai kama ta, ya ɗauki nauyin abin da zai yi da ita. In ka ga rabuwar tana rage wa mutum alhakin cutar da wani, to ka kauce hanya.

Mataki na biyar: ku gwada a kanku

Kafin kowa ya kai tambayar nan ɗakin aiki, a gwada ta a zaure. Mutum biyu, minti goma sha biyar, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa a kan wata ƙaramar matsalarsa ta gaske: jinkiri, saurin fushi da yara, kasa cewa a'a. Ban da wasan kwaikwayon "ni ne mara lafiya", domin mai kwaikwayo yakan ƙirƙiro taurin kan da ba a samu a mutanen gaske. Bayan an gama, wanda aka yi wa tambayoyin shi zai fara magana: wace tambaya ce ta kai shi wani wuri, wace ce ta sa ya ji kamar yana gaban alƙali.

Mataki na shida: zaman kawo labari

Nan ne muka faɗi a daren farko, nan ne kuma zauren yake tsayawa ko ya rushe. Tsarin da muke bi aro ne daga abin da White ya kira shaidun waje. Shi ma ya ɗauko tunanin ne daga Barbara Myerhoff, masaniyar al'adu da ta yi aiki da tsofaffin Yahudawa a unguwar Venice ta Kalifoniya, ta ga yadda mutanen da duniya ta manta da su suke shirya taro don a ji su a shaida rayuwarsu. Ya kuma ƙaru da aikin Tom Andersen na Norway, wanda ya sa ƙwararru su yi tattaunawarsu iyalin da ake jinya suna sauraro, maimakon a bayan ƙofa.

Zaman kashi uku ne.

Kashi na farko, minti 25. Wanda ya kawo labari ba ya karanto rahoto. Mutum ɗaya ne yake yi masa tambayoyi, saura kowa ya rufe makirfo. Tambayoyin kuma a kan aikinsa ne, ba binciken mara lafiya ba: me kake fata daga zaman nan? Wane suna ita ta ba matsalar? Waɗanne kalmomi nata ne suka tsaya maka a rai? Ina ka ji ka maƙale? Me maƙalewar take gaya maka game da kanka a matsayin ma'aikaci? Akwai lokacin da hirarku ta ɗan yi haske, ko na minti ɗaya ne?

Kashi na biyu, minti 20. Yanzu mai labari, wato wanda ya kawo shi zaure, ya yi shiru, ya ma kashe kyamara in yana so. Mai tambaya ya juya ga sauran ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi huɗu, a jere, ba a sauya su:

Wace kalma ko jimla ce ta ja hankalinka? A maimaita ta yadda aka faɗe ta.
Wane hoto ta kawo maka game da abin da mutumin nan ya ɗauka da muhimmanci?
Me ke cikin rayuwarka ko aikinka da ya sa wannan kalmar ce ta taɓa ka?
Ina jin wannan labari ya kai ka, wanda da ba ka ji ba ba za ka je ba?

Ba shawara, ba yabo, ba "da ni ne". Hana yabon shi ya fi ba mutane mamaki. "Kai, kin yi ƙoƙari wallahi" magana ce mai daɗi, amma hukunci ce daga sama, kuma ba ta ba mutum abin riƙewa. Tambaya ta uku kuma tana da santsi: mutum zai fara da jimla ɗaya ya zarce da tarihin rasuwar kakarsa. Aikin mai tambaya ne ya dawo da shi cikin ladabi: "Malam, mu koma kan kalmar da ka ɗauka." A intanet wannan ya fi wuya don ba ka ganin fuska, saboda haka ku amince tun farko cewa katsewa ba raini ba ne.

Kashi na uku, minti 15. A koma ga mai labari: cikin abin da ka ji, me ya tsaya maka? Wace tambaya kake son komawa da ita?

Idan akwai mai shawarar da ke cin sa, kuma kullum akwai, a ware minti goma a ƙarshe, mai labari ne kaɗai zai ce yana so ko ba ya so. Sau da yawa ba ya so, ya riga ya samu abin da ya zo nema.

Mataki na bakwai: idan lalurar mai nauyi ce

A nan zan yi magana ba kwana-kwana. Jinyar labari ba ta maye gurbin asibiti. Binciken da aka yi a kanta bai kai yawan wanda aka yi a kan wasu hanyoyin jinya ta magana ba, kuma duk wanda ya ce maka hira kaɗai za ta kwantar da wanda ya kwana biyar bai runtsa ba yana ta surutu, kada ka saurare shi. Ba aikin zaure ba ne ya ce wa kowa ya ajiye maganinsa.

Ku rubuta alamomin da in an ji su ana dakatar da tsarin zama nan take: maganar kashe kai ko shirin yin hakan, barazana ga wani, mai jego da ta rikice a makonnin farko bayan haihuwa, daina ci da sha, ruɗewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi ko bayan faɗuwa ko bugun kai, da wanda aka ɗaure da mari. Waɗannan na likita ne a ranar. Kowane ɗan zaure ya san asibitin da zai tura mutum, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa. Jagorar mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba tana da kyau a ajiye ta kusa. Matar da muka yi musu a kanta a daren farko, abin da ya kamata mu fara tambaya shi ne kwana nawa da haihuwar, kuma likita ya gan ta ko bai gan ta ba.

To ina amfanin labari ga mai irin wannan ciwo? Amfaninsa yana wurin da ƙwaya ba ta kaiwa. Magani yana rage muryoyi, amma ba ya mayar wa mutum da sunansa a unguwa, ba ya goge "ai ta taɓa hauka" daga bakin dangin miji. A shekarun 1990 White ya yi aiki a Adelaide da wani rukunin mutane masu jin muryoyi. Suna tattara dabarun da suke bi in muryoyin sun taso, a rubuta su a takarda, kowa ya riƙe tasa ya karanta a ranar tsanani. A Holan kuma, tun 1987, likitan ƙwaƙwalwa Marius Romme da Sandra Escher suka fara tara masu jin muryoyi don su koya wa juna. Darasin duka biyun ɗaya ne: wanda ya shekara goma da abu ya san halinsa. Tambaye shi. Yaushe muryar ta fi ƙarfi? Me take so ka yarda da shi? Ta taɓa yin ƙarya ka kama ta? Me kake yi da ke rage mata kaifi?

Za ku kuma yi karo da batun iska da sammu da ruƙiyya, kusan a kowane labari. Shawarata kada zaure ya zama kotun da za ta yanke ko aljani ne ko ba aljani ba. Ba a nan aikin yake ba. In iyali sun ce iska ce, tambayoyin ba su canza ba: me abin yake hana ta, me take yi da ke taimaka mata, wa ke tare da ita. Mutum yana iya shan maganinsa yana kuma karanta azkar ɗinsa. Inda ake ja layi shi ne duka, ɗauri, hana abinci, hayaƙin da ke shaƙe mutum, ko hana zuwa asibiti. Haɗa asibiti da gida ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani.

Masu aiki da yara ko 'yan gudun hijira su nemi Bishiyar Rayuwa, wadda Ncazelo Ncube 'yar Zimbabuwe ta tsara tare da David Denborough na Cibiyar Dulwich a 2006 don yaran da cutar ƙanjamau ta mayar marayu a kudancin Afirka. Yaro yana zana bishiya: saiwa asalinsa, ƙasa rayuwarsa ta yau, gangar jiki abin da ya iya, rassa burinsa, ganye mutanensa, 'ya'ya kyaututtukan da aka yi masa. Sai an kafa wannan kafin a taɓo guguwar da ta faɗa masa. Ku fara zana taku a zaure, kowa ya ɗaga takardarsa a kyamara.

Mataki na takwas: mayar da magana ga mai ita

Epston ya shahara da rubuta wa mutanen da yake gani wasiƙa bayan zama, da kalmominsu, don abin da aka gano kada ya bi iska. Ku ɗauki wannan al'ada. Bayan kowane zaman kawo labari, mutum ɗaya ya rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa, rabin shafi, zuwa ga mai labarin na asali: ga kalmominki da suka tsaya mana, ga inda suka kai mu, ga tambaya ɗaya da muke son yi miki. Ba suna, ba sunan cuta. Wanda ya kawo labarin ya kai mata, in ba ta karatu ya karanta mata, da boko ko da ajami, ya kuma dawo wa zaure da amsarta. Sanin cewa wasiƙa za ta je hannunta shi kansa yana gyara yadda ake magana a zaman.

Duk wata uku ku ware zama ɗaya ku duba kanku: wa ya yi shiru tun watan jiya, wa ke cinye lokaci, shawara ta sake satar hanya ta dawo ko a'a. Takan dawo.

Bayan kusan wata biyar, 'yar'uwar nan ta sake kawo labarin matar daren farko, wannan karon da izininta, kuma tana kan maganinta. Muka bi tsarin, muka rubuta wasiƙa. A ciki mun sa cewa mun ga jarumta a yadda take tashi da asuba ta haɗa wa yara abin kari alhali muryoyin sun hana ta barci. Da aka karanta mata sai ta sa aka maimaita wurin, ta yi shiru, sannan ta ce: "Anti, ki ce musu su cire jarumtar nan, ni ban san ta ba. Su rubuta cewa ban taɓa bari yarana sun tafi makaranta da yunwa ba." Muka cire, muka rubuta yadda ta ce, aka mayar mata da takardar. Tana cikin jakar da take zuwa asibiti da ita, tare da katinta.